Shekarar da Muka Huda Tafkin Bado

Ku da kuka taso kuka tarar da kwarin nan na gabas da gari, inda masu amalanke ke ɗibar yashin gini, ba lalle ku yarda ba in na ce maku a nan na koyi iyo. Amma a nan ɗin ne. Sunansa Tafkin Bado, har yau kuma haka ake kiran wurin, ko da yake rabonsa da bado an daɗe. Na san abin da kuka ji game da mutuwarsa, don a gabana aka sha faɗa maku ina zaune ban tanka ba: wai Kawu Tanko, wan mahaifiyata, shi ya yi wa tafkin baki ya ƙafe. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Na fi kowa sanin haka, tsufa kuma ya kai ni inda ba na son in tafi da ita a ciki.

Ƙasarmu ba ƙasar ruwa ba ce. Daga Makoda har Ɗambatta gona ce ke bin gona, jigawa ce mai shanye ruwa tun kafin hadari ya gama wucewa. Tafkin nan guda shi ne idonmu. Da damina yakan cika har gindin ɗorawar da ke bakin hanya, bado ya rufe rabinsa da faffaɗan ganye, da safe ya buɗe fararen furanni. Kainuwa na yawo duk inda iska ta kaɗa ta. A cikinsa akwai tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, akwai kififiya mai leƙo da kai ta koma, akwai guza da ke shan hantsi a kan kututture, akwai kuma matsattsaku da suka sha jininmu har muka girma ba mu daina shiga ba. Kirinjijiya kan sauka garke guda suna fito, dinya ta biyo baya, zalɓe ya tsaya a gefe shi kaɗai kamar wanda aka yi wa laifi. Da magariba kuwa in kwaɗi suka fara, sai ladan ya ƙara murya kafin a ji shi. Mata kan shiga har ƙugu su tsinko ’ya’yan bado, a shanya, a sussuke, a yi tuwo da shi in rumbu ya yi ƙasa. Ba mu ɗauki wannan duka a bakin komai ba, mun zaci haka kowane gari yake.

Kawu Tanko shi ne Mai Tafki, gadon gidansu ne. Mutum ne gajere, mai ƙarancin magana, in ma ya yi ta sai ta fito a dunƙule ba gishiri. Aikinsa na gaske da rani yake farawa. In ruwa ya janye laka ta fara tsagewa, gaiwa ba ta mutuwa kamar sauran kifi. Nutsewa take yi cikin laka ta naɗe jikinta, ta bar ’yar kafa da take numfashi, ta kwanta har wata damina. Haka kififiya, haka manyan kwaɗi, haka saiwar bado. To, kafin kowa ya taɓa ƙasar, Kawu yakan zagaya tsakiyar tafkin ya kafa turaku. Wajen turaku kowa ya haƙi gaiwarsa, magina su ɗebi laka, masu tubali su yi tubali. Cikin turaku kuwa, wurin da ake kira cibiya, ƙarfe ba ya taɓa shi. Muna yara mun ɗauka aljani ne a wurin. Kawu bai taɓa faɗin haka ba. In an tambaye shi, kalma ɗaya yake bayarwa, ya ce iri ne.

Ni kuma a lokacin ina da shekara kusan talatin, na dawo daga aikin wata babbar madatsar ruwa da gwamnati ke ginawa, inda na yi rani biyu ina lebura. Na dawo da rediyo da takalmin roba mai kai wa gwiwa, da baki cike da labarin katafila. Lebura ne fa, kwanon sarki nake ɗauka, amma a majalisa in ina ba da labari sai ka rantse ni na zana aikin. Har aka sa mani suna Injiniya, da zolaya aka fara, ni kuwa na amsa da gaske.

Sai fari ya zo, ya kuma maimaita. Shekarar farko gero ya yi rabin kai. Ta biyu ko bununi bai fitar ba ya tsaya ya bushe a tsaye. Aka sayar da awaki a kasuwar Ɗambatta da kuɗin da bai kai na kaza ba, shanun da suka rage kuma ƙashi da fata. Magidanta suka yi ta sulalewa Kano da kudu cin rani, waɗansu ba su ƙara dawowa ba. A gidanmu tafasa da rogo muke ci, ranar da aka samu dusa a dama. Tafkin ma a shekarar bai cika ba, ya kuma ƙafe tun kafin sanyi ya shiga, abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Da na dubi wannan busasshiyar laka sai dabara ta zo mani. Na ce ai matsalar tafkin nan rashin zurfi ne. A yashe shi, a haƙa tsakiyarsa ya yi gaba biyu ko uku, in damina ta zo ya tara ruwan da zai kai mu wata damina, har a yi lambu. Na faɗa a majalisa, na faɗa a bakin masallaci, har magana ta kai ga mai gari ya tara dattawa a ƙofar gidansa.

Aka kira Kawu. Ya zo da sandarsa ya zauna a ƙasa, ya saurare ni har na gama zuba.

“Ranka ya daɗe,” in ji shi, “tafkin nan kasko ne. Baƙar laka ce ta riƙe ruwan, kaurinta bai fi tsayin mutum ba. Ƙarƙashinta farin yashi ne. Kakana ya gwada da gora ya gani.”

Na yi dariya, Allah ya yafe mani. Na ce, “Kawu, yanzu zamanin awo ne, ba zamanin gora ba. Inda na yi aiki an haƙa ramin da zai haɗiye garin nan, ga ruwa can kwance har yau.”

“Can daban, nan daban.”

“To mu zauna mu mutu da ƙishirwa saboda gaiwa?”

Mutane suka yi guna-guni, waɗansu suka ce gaskiya ne. Wani ya ce dama turakun nan camfi ne, ya kamata a ce an bar su tuntuni. Kawu ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya dubi mai gari bai dube ni ba.

“In kuka taɓa cibiyar nan, ruwa ba zai ƙara kwana a cikinta ba. Na faɗa.”

Wannan ita ce maganar da daga baya aka mayar baki. Ni ina wurin, na ji ta da kunnena. Ba zagi a ciki, ba rantsuwa, ba ɗaga hannu sama. Mutum ne ya faɗi abin da ya sani, bai iya yi masa ado ba.

Da na koma gida na tarar labari ya riga ni. Inna tana tsakar gida tana tsince tafasa. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kama sunana, ba ta kuma cika duban idona ba, amma ran nan ta dube ni.

“Kai wannan, a gaban mutane ka yi wa yayana dariya?”

“Inna, ba raini ba ne. Taimakon gari nake nema.”

“Garin neman ƙiba ake samo rama. Shekara nawa tafkin nan yana ciyar da mu ba wanda ya gyara shi? Tuwon badon da ka ci ka girma, a ina ka ji an shuka shi?”

Na ce mata zamani ya canza. Ta ce to, ta ci gaba da tsintar ganyenta. Matata Hajara, kakarku ku ƙanana, tana ɗaki da goyo ba ruwan nono sosai. Da na shiga sai ta tambaye ni a hankali ko da gaske za a samu ruwan lambu. Na ce mata har tumatir sai ta gaji da ci.

Aka sa ranar gayya. Duk namijin da ya rage a gari ya fito, da diga da shebur da fartanya, mata da kwanduna, makaɗa da gangar noma. Ni da hannuna na tumɓuke turakun Kawu. Ba mu yi kamu biyu ba muka fara cin karo da abin da ke kwance a cibiyar. Ban taɓa ganin irinsa ba, ba kuma zan ƙara gani ba. Gaiwa ce jere a cikin laka, kowace a naɗe cikin ɗakinta, waɗansu kaurin cinyar mutum, waɗanda Allah kaɗai ya san shekarunsu. In diga ta fasa ɗakin sai ta yi wani gurnani tana motsi da ƙyar. Ga kififiya a dunƙule, ga manyan kwaɗi sun kumbura da ruwan da suka adana, ga saiwar bado kamar an zuba dankali. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su ga nama ba suka yi ta kabbara. Aka cika kwanduna. A ranar kowane gida ya ɗora tukunya, gari ya ɗauki ƙamshin kifi, yaran da suka daina wasa saboda yunwa suka fito suna guje-guje. Hajara ta sha romo har ta yi gumi. Ba zan ɓoye maku ba, na ji daɗi a ranar irin wanda ban taɓa ji ba. Makaɗa suka sa sunana a ganga. Gidan Kawu ne kaɗai aka kai wa kifi aka dawo da shi. Lakar da muka haƙo kuma muka yi ta tarawa a gefe, da ƙwan kifi da na kwaɗi da irin ciyayin ruwa duk a cikinta, rana tana gasa su.

Rana ta uku da hantsi ina can ƙasan rami, a wuri mafi zurfi, don ni nake gaba kullum a ga Injiniya na aiki. Zafi ya sa na tuɓe takalmin robar na ajiye a sama. Na ɗaga diga na sara, sai na ji ta shige ba nauyi. Na janye. A bakin ramin da ta yi sai ga yashi, fari tas, mai laushi, yana gangarowa a kan ƙafata. Na tsaya. A take na san abin da na gani, na kuma san wanda ya faɗa. Da a lokacin na ɗaga hannu na ce a tsaya, wurin bai fi faɗin faifai ba. Da mun mayar da laka mun daddaɓe, da yau kuna da tafki. Na ɗaga kai na dubi sama. Ga mai gari a bakin rami an shimfiɗa masa buzu, ga mata na guɗa, ga makaɗi ya hango ni na tsaya ya matso yana zuga ni. Na tuna dariyar da na yi a ƙofar mai gari. Sai na sa ƙafa na jawo baƙar laka na rufe wurin, na matsa gefe na ci gaba da sara.

Kwana biyu muka ƙara muna haƙa. Zuwa lokacin da yashin ya bayyana ga kowa, ya riga ya yi faɗin masussuka. Wani dattijo ya tambaye ni ko ba komai. Na ce ai haka ake so, yashi ne ke tace ruwa, haka na gani a wurin aiki. Ƙarya nake yi, ban taɓa ganin haka a ko’ina ba. Ya ce to, ku ne kuka sani.

Damina ta zo a makare, amma ta zo. Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka da rana tsaka, kafin la’asar ramin ya cika ya tumbatsa, jan ruwa shimfiɗe har gindin ɗorawa. Gari ya fito kallo. Aka yi ta shafa kaina ana sa mani albarka, har na fara gaya wa zuciyata wataƙila na tsira. Washegari na je da sassafe na kafa kara a bakin ruwan. Da azahar karan yana kan tudu. Kwana tara ruwan ya yi yana sauka muna kallo, ran na goma sai taɓo da farin yashi a tsakiya. Aka ce ƙasa ce ke da ƙishirwa, a jira na biyu. Na biyu ya zo ya bi na farko, na uku ma haka. Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne shirun. Magariba ta yi, ladan ya kira salla, muryarsa ta fita tar, ba kwaɗo ɗaya da ya amsa daga gabas. Kirinjijiya suka zo suka yi shawagi sau biyu suka wuce. Bado bai tsiro ba ko ganye ɗaya. A shekarar gero ya ɗan yi, amma kafin ya nuna an sha wuya, kuma babu tuwon badon da ya saba tare mana wannan tsakanin. Rijiyoyin da ke kusa da tafkin ma suka ja baya, mata suka koma tafiya mai nisa da tulu.

Mutum in ya yi asara yakan nemi wanda zai ɗora wa. Ban san wanda ya fara ba, sai dai na ji ana cewa ai Tanko ya faɗa, bakinsa ne ya kama tafkin, baƙin ciki yake yi an karɓe masa sarauta. Magana ta bi gari. Aka daina amsa sallamarsa da kyau, in ya zauna a majalisa sai a watse da ɗai-ɗai. Mata suka hana ’ya’yansu shiga gidansa. ’Ya’yansa maza biyu suka gaji suka kwashe iyalinsu suka koma wajen Tsanyawa. Ni kuwa ba wanda ya zarge ni, har tausayina ake ji, wai an lalata mani aiki. Ina ji, ina sunkuyar da kai kamar mai haƙuri. Inna ta daina fita ko gidan suna. Wata rana tana ba ni tuwo ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

“Yayana ba shi da mugun baki. Ko akuya bai taɓa zagi ba.”

Na ce, “Na sani, Inna.”

“To in ka sani, wa kake jira ya faɗa?”

Na ajiye tuwon na fita.

Da kaka ta wuce sai aka fara ganin Kawu a cikin ramin shi kaɗai. Yana ɗibar lakar da muka tara a gefe da kwando, ya sauka da ita, ya zuba a kan yashin, ya yayyafa ruwan da ya ɗauko a tulu, ya daddaɓe da ƙafa. Tsoho mai shekara saba’in da wani abu, yana son ya mayar da abin da gari guda ya haƙa da ganga. Mutane suka ce asiri yake binnewa. Na yi kwanaki ina hangensa daga gonarmu, kunya ta hana ni matsawa. Wata safiya dai na kasa daurewa, na sauka na karɓi kwandon daga kansa. Bai hana ni ba. Muka yi sawu kusan goma tare. Lakar ta riga ta mutu, ta zama gari, in an daɓe ta sai ta farfashe. Shi ma ya san ba za ta kama ba. Da rana ta ɗaga ya zauna a kan tudun yana haki, ya ce:

“Garba, ran nawa ka ga yashin?”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, “Ran na uku, Kawu. Da hantsi.”

“Haka ne. Da azahar ɗin ran nan kana alwala a bakin masallaci ina bayanka. Na ga farin yashi a tsakanin yatsun ƙafarka.”

“Ka gani? Kawu, me ya hana ka faɗa?”

“Ni ai na faɗa tun ba a sara ba, aka yi dariya. Ran nan kai kaɗai ake ji a garin nan. Na tsaya a bakin masallaci har aka watse, ina cewa yanzu ɗan ƙanwata zai yi magana.”

Na fashe da kuka, ni da gemuna. Na ce ya yafe mani. Na ce gobe bayan la’asar zan tashi a masallaci in faɗa wa kowa abin da ya faru, in wanke shi.

“Ni na yafe,” in ji shi. “Na cikin lakar nan ne ban san wanda zai roƙa maka su ba. Allah ya kai mu goben.”

Goben ta zo. Liman ya sallame, na miƙe tsaye, sahu ya juyo yana dubana. Ga mai gari, ga dattijon da na yi wa ƙaryar yashi, ga mutanen da suka binne ’ya’yansu a wannan shekara. Kawu yana can ƙarshen sahu inda ya koma zama, kansa a ƙasa. Na buɗe baki. Na ji kaina ina cewa jama’a a taya mu da addu’a, Allah ya ba mu damina mai albarka. Aka shafa, na zauna. Da na waiga, Kawu yana neman takalmansa.

Bai ƙara sauka ramin ba, bai kuma ƙara tayar mani da maganar ba. In mun haɗu ya amsa gaisuwata kamar kullum, har ya tambayi lafiyar Hajara. Kafin wata damina ya kwanta ciwon ƙirji, kwana shida ya cika. Mutanen da suka raka shi ba su cika sahu biyu ba, ni na shiga kabarin na karɓe shi. Inna ta rayu shekara goma sha ɗaya bayansa, ba ta ƙara tambayata wa nake jira ba.

Duk waɗanda ya kamata su ji wannan magana daga bakina sun mutu, mai gari da liman da makaɗin da ya zuga ni. Saura ku, da jikokinsa da ke Tsanyawa waɗanda har yau ake yi wa gori da bakin kakansu. Ku kai masu wannan takarda, ku karanta masu da ƙarfi a ƙofar gida inda maƙwabta za su ji. Ku ce Garba ne ya ga yashi ya rufe da ƙafa. Na ce wa Kawu gobe, goben ke nan sai yau.